Sauya lauya ana tsakiyar neman diyyar rauni a wurin aiki: wa za a biya, kuma nawa?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarka domin mu amsa wata tambaya da ma'aikatan da suka ji rauni a bakin aiki ke yawan yi a nan Abuja, musamman magina da leburori da kafintocin da ke aikin gine-gine a Lugbe da Gwarinpa da Kubwa, da masu aiki a wuraren fasa dutse na Mpape, da ma'aikatan masana'antun Idu. Mutum ya ɗauki lauya ya nema masa diyya, an kwashe watanni bai ga motsi ba, waya ma sai an ga dama a ɗauka. Shin zai iya sallamarsa ya ɗauki wani? In ya yi haka, sau biyu zai biya kuɗin lauya?

Zai iya sallamarsa. Ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya na Najeriya, na 2007 da waɗanda suka maye gurbinsu a 2023, sun ba wanda ya ɗauki lauya 'yancin rabuwa da shi duk lokacin da ya ga dama, ko lauyan ya so ko bai so ba. Sai dai ƙa'idar da ta ba shi wannan 'yanci ita ce kuma ta ce rabuwar ba ta sauke masa nauyin kuɗin da ya hau kansa. A nan ne ake yin asara. Wasu sukan karanta a intanet cewa idan an sauya lauya, tsohon da sabon za su raba kaso ɗaya ne tsakaninsu, ma'aikaci ba ya ƙara ko kwabo. Wannan tsarin jihohi da dama ne na Amurka, inda hukumar diyya ko alƙalinta ke amincewa da kuɗin lauya tare da raba shi. A Najeriya babu hukumar da ke zaunawa ta yi wa lauyoyi biyu wannan rabo da kanta. Abin da aka rubuta aka sa wa hannu shi ke aiki, in ba a rubuta komai ba kuwa kowane lauya zai zo da nasa lissafin.

Kafin a yi maganar kuɗi, ya kamata ma'aikaci ya san ta wace hanya maganarsa ke tafiya, domin da yawa ba su sani ba. Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta soke tsohuwar dokar 1987, ta ɗora biyan diyya a kan hukumar NSITF, wato asusun inshorar ma'aikata na gwamnatin tarayya, mai hedikwata a titin Muhammadu Buhari a tsakiyar Abuja. Mai kamfani ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin ma'aikatansa a asusun, kuma doka ta hana shi cire wannan kuɗi daga albashinsu. Dokar ta haɗa da ma'aikacin wucin gadi, da ɗan koyo, da wanda aka ɗauka da baki ba tare da takarda ba, har da mai aikin gida idan ba ɗan gidan ba ne. Sojoji ne ba ta shafa ba. A wannan hanya ba sai an tabbatar da laifin kowa ba, kuma ba dole ne a ɗauki lauya ba: fom ne, da rahoton likita, da shaidar albashi, da bin sawu. Hanya ta biyu ita ce ƙara a Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda gyaran tsarin mulki na 2010 ya ba hurumin shari'ar ƙwadago, kuma can ne maganar takan ƙare idan kamfanin bai yi rajista da hukumar ba, ko ya musanta cewa mutumin ma'aikacinsa ne, ko hukumar ta ƙi biya. Aikin lauya a hanyar farko kaɗan ne, a ta biyu mai yawa ne, don haka bai kamata kuɗinsu ya zama ɗaya ba.

Abin da ya fi kuɗin lauya haɗari a lokacin sauyi shi ne wa'adi, domin ba ya tsayawa jiran kowa. Ma'aikaci zai sanar da mai kamfani raunin cikin kwana 14. Mai kamfani zai kai rahoto ga hukumar cikin kwana 7, in mutuwa ce kuwa nan take. Takardar neman diyya za ta isa hukumar cikin shekara 1 daga ranar rauni ko mutuwa, sai dai idan hukumar ta gamsu akwai dalili na musamman, sannan ta karɓa har zuwa shekara 3. Idan hukumar ta yanke hukuncin da bai yi wa mutum daɗi ba, yana da kwana 180 ya rubuta mata ya nemi ta sake dubawa, in ya wuce haka haƙƙin ya faɗi. Daga nan ne ake wucewa Kotun Ma'aikata. Akwai kuma wani wa'adi da ake yawan mantawa. Dokar ta amince da raunin da aka samu a hanyar zuwa aiki ko komawa gida, idan mai kamfani ya san inda ma'aikacin ke zaune tun da farko. To, idan motar wani ce ta buge ma'aikaci a hanyar Nyanya zuwa Mararaba yana komawa gida, yana da zaɓi tsakanin karɓar diyyar hukuma da kai ƙarar mai motar, kuma wata 6 aka ba shi ya zaɓa, sai in hukumar ta ƙara masa. Kotu takan yi sassauci idan lauya ya yi kuskure a tsarin shigar da takarda, amma wa'adin da doka ta yanke ba ya dawowa don lauya ya yi sakaci. Saboda haka tambayar farko da za a yi wa sabon lauya, tun kafin a tambaye shi nawa zai karɓa, ita ce: wane wa'adi ne ke gudu yanzu, kuma yaushe zai cika?

Ba kowane jinkiri ne laifin lauya ba, wannan kam gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Alƙali na iya tafiya hutu, ko a sauya masa wurin aiki a faro shari'a daga farko, ko likita ya ƙi ƙayyade girman nakasa sai ciwon ya gama warkewa. Sauya lauya ba ya gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai ma ya ƙara ɗage zama. Akwai hanyar gwadawa mai sauƙi. A tambayi lauyan lambar ƙarar, ko kofin takardar da ya kai hukumar mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata. Da lambar ƙara a hannu, ma'aikaci na iya zuwa ofishin rajistaran kotu da kansa ya ji ranar da aka shigar da ita da ranar zama na gaba. Lauyan da ya kasa nuna ko ɗaya bayan watanni, ko ya daina zuwa kotu har aka kori ƙarar saboda rashin bibiya, ko ya karɓi kuɗi daga kamfani bai faɗa ba, ko aka gano yana yi wa kamfanin wani aiki a gefe, wannan babu dalilin ci gaba da zama da shi.

Idan an yanke shawarar rabuwa, kada a sallami tsohon sai an samu sabon, ya duba takardun ya ce ya karɓa. Fayil ɗin da ya kwana wata biyu babu mai shi, a nan wa'adi ke cika. Sannan a rubuta wa tsohon lauyan wasiƙa gajera mai kwanan wata, a ce an janye aikin daga ranar kaza, kada ya sake magana ko sa hannu da sunan mai ƙara, ya miƙa fayil ga lauya wane, ya kuma aiko da lissafin kuɗinsa dalla-dalla. Ba wurin zagi ko tone-tone ba ne. A kai kofi biyu, a sa magatakardan ofishinsa ya buga hatimi a ɗaya a dawo da shi. Saƙon WhatsApp na iya zama ƙari, amma kada ya zama shi kaɗai.

Ƙa'ida ta 29 a cikin ƙa'idojin ɗa'ar aikin lauya ta ɗora wa sabon lauyan ya sanar da tsohon ba tare da ɓata lokaci ba, ya kuma yi iyakar ƙoƙarinsa ya ga an biya shi abin da ya yi wa aiki. Idan magana tana kotu, dukansu biyu za su sanar da kotu sauyin. Har sai an shigar da wannan sanarwa, a idon kotu tsohon ne lauyan, kuma ofishinsa za a ci gaba da kai sammaci da takardun ɗaya ɓangaren. Mutum zai iya rasa zama biyu a jere bai ma san an sa rana ba. Haka nan dole a rubuta wa lauyan kamfani, da kamfanin inshora idan akwai, da ofishin NSITF da ke riƙe da fayil ɗin, a ce wane ba ya wakiltar mai ƙara daga yau. Dalilin yana da ƙarfi: muddin ɗaya ɓangaren bai samu labari ba, yana iya yin sulhu da tsohon lauyan da zuciya ɗaya, kuma idan aka kai takardar sulhun kotu ta zama hukunci, warware ta abu ne mai wuyar gaske. Idan an taɓa ba tsohon takardar wakilci ta karɓar kuɗi, a soke ta a rubuce, a kuma tabbatar lambar asusun bankin da ke cikin fayil ta ma'aikacin ce.

Sai maganar kuɗi, inda rigimar take. Yawancin masu rauni ba su da abin biya a hannu, don haka ake yin yarjejeniyar kaso: in an samu, lauya ya ɗauki kashi kaza. Wannan halal ne a shari'ar da ba ta laifi ba, matuƙar kason bai wuce hankali ba, kuma lauyan ya bayyana wa mutum ma'anarsa, ya ba shi zaɓin biya gwargwadon aiki. Umarnin kuɗin lauyoyi na 2023, wanda ya sa Abuja da Legas a rukuni mafi tsada, ya wajabta wa lauya ya ba wanda ya ɗauke shi sharuɗɗan aikin a rubuce cikin kwana 14. Duk da haka har yanzu da baki ake yin da yawa, a kan "kada ka damu, in Allah ya kawo ma yi magana". Wannan maganar ce ke zama faɗa ranar da kuɗi ya fito.

Bari mu ɗauki misali. An yi sulhu a kan Naira 6,000,000. Tsohon lauya yana riƙe da takardar kashi 20 cikin 100, sabon ma an yi masa alkawarin kashi 20, ga kuɗin shigar da takardu da rahoton likita da kai sammaci Naira 300,000. Idan kowa ya ɗauki nasa cikakke, lauyoyi sun tafi da 2,400,000, ma'aikaci ya tashi da 3,300,000. An gudu daga gara an faɗa wa zago ke nan. Da a ce tun ranar ɗaukar sabon an rubuta cewa jimillar kuɗin lauyoyi, tsoho da sabo, ba za ta wuce kashi 20 ba, kuma sabon ne zai sasanta da tsohon daga cikin wannan kason, da ma'aikaci ya tashi da 4,500,000. Layi ɗaya a takarda, bambancin Naira 1,200,000. Ba kowane lauya zai yarda da wannan ba, musamman in aikin da ya rage yana da yawa, amma ko ya ƙi, za a iya tsayar da adadin da za a ba tsohon tun yanzu, a rubuta, su ukun su sa hannu. A kuma fayyace ko za a cire kuɗin ɗawainiya kafin a fitar da kaso ko bayan an fitar. A misalinmu kashi 20 na 6,000,000 shi ne 1,200,000, na 5,700,000 kuwa 1,140,000. Naira 60,000 ba ƙaramin abu ba ne ga mutumin da ba ya iya ɗaga bulo.

A ganinmu, lauyan da aka sallama kafin a kai ƙarshe ba shi da hujjar neman cikakken kason da aka yi alkawari a kan kammala aiki, sai dai in takardar da aka sa wa hannu ta faɗi haka ƙarara. Abin da ya cancanta shi ne ladan aikin da ya yi: wasiƙu nawa ya rubuta, ya shigar da ƙara ko bai shigar ba, zama nawa ya halarta, an saurari shaidu a hannunsa ko ba a kai nan ba. Wanda ya kai shari'a har aka rufe shaidu, saura jawabin ƙarshe, ya yi mafi yawan aikin, kuma zalunci ne a zame masa a wannan gaɓa don gudun biyansa. Muna ganin wannan ma, kuma ba ma goyon bayansa. Wanda ya rubuta wasiƙa ɗaya ya jefa fayil a durowa bai cancanci komai ba fiye da kuɗin wasiƙar. Kuɗin ɗawainiyar da lauya ya kashe daga aljihunsa bashi ne da za a mayar masa, amma da rasit. Rasit ɗin kotu yana ɗauke da adadi, don haka ba a karɓar "na kashe kusan dubu ɗari biyu" da baki.

Diyyar NSITF tana da wani bambanci da ya kamata a lura da shi sosai. Galibi wata-wata ake biyanta. Wanda ya nakasa gaba ɗaya har abada yana samun kashi 90 cikin 100 na albashinsa, wato mai albashin Naira 150,000 zai riƙa karɓar 135,000. Matar mamaci mai 'ya'ya biyu ko fiye ita ma kashi 90 ce, mai ɗa ɗaya kashi 85. To idan takarda ta ce "kashi 20 na duk abin da aka samu", na wata nawa ake nufi? Na shekara ɗaya, ko har iya rayuwa? Dokar ta hana a jinginar da kuɗin diyya ko a mallaka wa wani ko a riƙe shi saboda bashi, don haka duk takardar da ta ce hukumar ta riƙa biya ta asusun lauya abin tuhuma ce. A wannan hanya ya fi dacewa a tsayar da kuɗi guda, ko a ɗauki kaso daga bashin watannin baya da aka tara kawai. Iyalan mamaci kuma su kula kada kalmar "duk abin da aka samu" ta haɗiye kuɗin inshorar rai na ma'aikata, wanda dokar fansho ta 2014 ta ce kada ya gaza ninki uku na albashin shekara, da kuɗin fansho kansa. Waɗannan haƙƙoƙi ne daban, kuma sau da yawa lauya bai yi wani aiki a kansu ba.

Tsohon lauya yana da ikon riƙe takardu har a biya shi kuɗin da ya cancanta. Doka ta ba shi wannan, ba ƙarfin hali ba ne. Amma riƙe fayil ba ya tsayar da shari'a yadda mutane ke tsoro. Duk abin da aka shigar a kotu, sabon lauya zai iya neman kofinsa mai hatimin tabbatarwa daga rajistara a kan kuɗi kaɗan. Asibiti na iya sake ba da rahoto, banki na iya fitar da bayanin shigar albashi. Abin da ke da wuyar mayewa su ne takardun asali: katin shaidar aiki, takardar ɗauka aiki, rasit ɗin magani, hotunan ƙashi na farko, hotunan wurin da abin ya faru kafin a gyara shi. Shi ya sa muke cewa tun ranar farko a ba lauya kofi, a riƙe na asali sai ranar da kotu ta buƙata. In ya zama dole a miƙa na asali, a rubuta jerinsu ya sa hannu. Hanyar da ta fi saurin sakin fayil ita ce sabon lauyan ya rubuta wa tsohon alkawarin cewa zai riƙe adadin da aka amince daga kuɗin diyya ya biya shi. Alkawarin lauya ga lauya yana da nauyi, domin saɓa shi laifi ne a aikin.

Idan an kasa daidaitawa, doka ta shimfiɗa hanya. Lauya ba zai kai ƙarar neman kuɗinsa ba sai ya ba da lissafi a rubuce, mai ɗauke da manyan abubuwan da ya yi, da sa hannunsa, sannan wata 1 ya cika bayan an miƙa. A cikin wannan watan wanda aka ba lissafin yana iya neman babbar kotu ta sa a tantance shi a rage abin da ya yi yawa. Bayan watan ma ana iya nema, amma sai yadda kotu ta gani, kuma in an haura wata 12 ƙofar ta kusa rufewa. Don haka kada a jefar da lissafin lauya a ƙarƙashin katifa don haushi. Inda abin ya wuce saɓanin farashi, kamar lauya ya karɓi kuɗin diyya ya riƙe, sai a rubuta koke ga shugaban reshen Ƙungiyar Lauyoyi ta Najeriya mafi kusa ko ga kwamitin ladabtar da lauyoyi, a haɗa da kofin shaidu. Ƙa'ida ta wajabta wa lauya ya ware kuɗin wanda yake wakilta daga nasa, ya kuma sanar da shi da zarar ya shigo.

Shi ma sabon lauyan a duba shi. A tambayi lambar rajistarsa ta Kotun Ƙoli, a ga hatimin ƙungiyar lauyoyi a kan takardunsa, domin 'yan kamasho da ke yawo a bakin asibitoci da harabar kotu ba duka ne lauyoyi ba. A duba cewa sunan mutum ne a ƙarƙashin sa hannun takardun ƙara, ba sunan ofishi kaɗai ba: tun shari'ar Okafor da Nweke a 2007 Kotun Ƙoli ta ce takardar da aka sa wa hannu da sunan ofishin lauyoyi ba ta da inganci, kuma irin wannan kuskure na tsohon lauya shi ne abin da sabon ya kamata ya fara nema a fayil. A kuma san cewa sabon zai gaji abin da aka riga aka rubuta. Bayanin da ma'aikaci ya yi rantsuwa a kai yana nan, kuma gyara takardar ƙara sai da izinin kotu, wani lokaci tare da biyan ɗaya ɓangaren kuɗin ɓata lokaci. Lauyan da ya yi alkawarin ninka diyya tun bai karanta fayil ba, a yi hattara da shi.

Ga wanda ba shi da halin ɗaukar wani lauya ko kaɗan, Dokar Tallafin Shari'a ta 2011 ta sa neman diyyar ma'aikata cikin shari'o'in da Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ke ɗauka kyauta ga wanda samunsa bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wato Naira 70,000 tun 2024. Hedikwatarta tana Abuja, tana kuma da ofisoshi a jihohi. A je da katin shaida, da rahoton likita, da lambar ƙara ko lambar fayil ɗin NSITF, da kofin wasiƙar da aka sallami tsohon lauya da ita.

Wassalam.

Wasu lauyoyi masu aikin shari'ar ƙwadago,
Abuja.